Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban NCC: A Nuna Mana Inda Katinmu Yake Tafiya

Zuwa ga Dakta Aminu Maida,
Shugaban Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC,
Maitama, Abuja.



  

Ranka ya daɗe, na zaɓi in biyo ta jarida maimakon in aiko da takarda ofishinka, saboda maganar ba tawa ce ni kaɗai ba, kuma waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya ba su san hanyar Maitama ba. Da gangan kuma na rubuta da Hausa, don in an karanta a majalisar ƙofar gida, mai shayi da mai faci su ji abin da aka faɗa da yawunsu, in na yi ƙari su tsawatar mini.

Maganar kati ce. Mutum ya saka ɗari biyar da daddare, ya kwanta, da safe ya duba ya ga saura ɗari uku da hamsin, alhali bai kira kowa ba, bai tura wa kowa saƙo ba. Ya tambayi na kusa da shi, a ce masa ai haka suke yi. Shi ke nan, an rufe shari'a. Ba na jin akwai gida a ƙasar nan da ba a taɓa cewa "sun cinye mini kati" a cikinsa ba, har abin ya zama kamar zafin bazara, ana ƙorafinsa amma ba wanda ke tsammanin akwai ofishin da za a kai ƙara.

A ƙasashen da aka saba biyan kuɗin waya a ƙarshen wata, takarda ce ke zuwa wa mutum ɗauke da duk kiran da ya yi da duk abin da aka caje shi. Ya zauna ya bi ta layi-layi, in ya ga abin da bai gane ba ya tsaya a kai kafin kuɗinsa ya bar hannunsa. Mu a nan kusan kowa biya yake yi tukuna sannan ya yi amfani. Kuɗin yana hannun kamfani tun kafin a fara ciniki. Kamfanin ne ke awo, shi ke rubuta abin da ya auna, littafin yana wurinsa, in kuma rigima ta tashi shi ne alƙalin farko. A kasuwar Dawanau in ana auna maka gero, kana tsaye a kan mai awo, yana zubawa kuna ƙirgawa tare, in ka ga mudun bai cika ba ka yi magana nan take, 'yan kallo su ba ka gaskiya ko su hana ka. Awon kati kuwa a bayan labule ake yin sa, abin da kawai ake nuna maka shi ne ragowar da ke ƙasan buhu.

Wannan ne gundarin kokena, yallaɓai. Ban zo in rantse cewa duk naira da ta ɓace sata aka yi ba. Abin da nake cewa shi ne, mai layi ba shi da hanyar da zai bambance wadda aka cire bisa ƙa'ida da wadda aka zaftare, kuma duk wanda aka hana shi ganin lissafi an riga an kayar da shi tun kafin ya buɗe baki.

Ƙofofin da kuɗin ke zurarewa sanannu ne. Babbar cikinsu ita ce hidimomin nan da mutum ke tsintar kansa a ciki ba tare da ya san lokacin da ya shiga ba: waƙar da mai kiranka ke ji kafin ka ɗauka, sakamakon ƙwallo, shawarwarin lafiya, kacici-kacici mai alkawarin kyautar miliyan, wani lokaci har da abin da aka lulluɓe da rigar addini. Naira ashirin yau, hamsin jibi, ɗari a ƙarshen mako. Wani saƙo ne zai faɗo a fuskar waya da Turanci, mutum yana ƙoƙarin kawar da shi ya ga lambar da yake nema, yatsansa ya sauka a inda bai kamata ba, an ɗaura aure ke nan. Kuma auren ba ya mutuwa da kansa. Duk mako sai ya sabunta, in babu kuɗi a layin ya laɓe yana jira, ranar da aka saka kati ya fara ɗibar nasa kafin mai layin ya ce "salamu alaikum" da kowa.

Ka ɗauki tsohuwar da ɗanta ke aiki a Legas ko Fatakwal yana turo mata kati don ta riƙa jin muryar jikokinta. Ƙaramar waya ce mai madanni a hannunta, ba ta karanta boko, abin da ta sani kore na ɗauka ne, ja na kashewa. In katinta ya ƙare kafin lokaci, jikanta na gida za ta fara tuhuma, ko yaron maƙwabta da ya ari wayar ya haska hanya. An sha ɓata tsakanin mutane a kan kuɗin da wata na'ura ta cire a wani gari da ba wanda ya taɓa zuwa cikinsu.

Sai data. Wanda ya sayi ta wata guda ta ƙare masa a kwana goma yana da tambaya, wanda kuma datarsa ta ƙare yana tsakiyar kallo wayar ta koma cin kati kai tsaye, a farashin da ya ninka na datar, shi ma yana da tasa. Sai bashin kati, inda ake yanke ladan kamfani tun kafin bashin ya iso, mutum ya ranci ɗari a ba shi ƙasa da ɗari, ya biya ɗari cif. Wannan aƙalla an faɗa masa. Abin da ba a faɗa masa shi ne nawa ne cikin katin da ya saka daga baya ya tafi biyan bashi, nawa ne kuma wata hidima ta yi awon gaba da shi a daidai wannan daƙiƙar, domin abu biyun a dunƙule suke zuwa.

Ga kuma sabuwar ƙofa. Tun watan Maris na 2021 ake cajin naira 6.98 a kan hulɗar banki ta lambobin nan masu tauraro da ake dannawa a waya. Da bankuna ne ke cirewa daga asusu, aka yi shekaru ana ja-in-ja tsakaninsu da kamfanonin waya a kan bashin biliyoyin naira, har a 2025 aka mayar da cirewar kan katin mai layi. To, wanda sabis ya yanke masa yana tsakiyar tura kuɗi, ya sake dannawa, ya sake yankewa, wa zai gaya masa sau nawa aka caje shi? In ya je banki a ce ya tafi kamfanin layi, in ya je kamfanin layi a ce maganar banki ce. Wannan tsari ma talaka ya fi amfani da shi, mai ƙaramar waya da ba ta ɗaukar manhajar banki.

Zan yi wa kamfanoni adalci, domin rashin adalci ne ya sa na ɗauki alƙalami. Sau da yawa suna da gaskiya. Babbar waya tana sabunta manhajojinta cikin dare ba ta nemi izinin kowa ba. Bidiyon Facebook da TikTok yana kunna kansa, hotunan WhatsApp suna sauka ko an buɗe su ko ba a buɗe ba, kuma sabis mai ƙarfi ya fi mai rauni saurin shan data, tunda hoton da yake kawowa ya fi nauyi. Yara kan jona wayoyinsu da ta mahaifinsu bai sani ba. Duk wannan gaskiya ne, na kuma ji hukumarka tana wayar da kai a kansa. Sai dai wayar da kai na gaya mini abin da ka iya faruwa ne a kan kowa, ni kuwa tambayata ita ce me ya faru a kan layina ranar Talata. Kamfanin da ke da gaskiya shi ya fi kowa cin ribar a buɗe littafi, domin yanzu da mai gaskiyar da marar ita duk kuɗin goro jama'a ke yi musu.

Bari in bi da kai hanyar da mai ƙorafi ke bi, ko da yake ka fi ni saninta a takarda. Zai kira 300. Zai saurari talla, ya danna ɗaya, ya danna uku, ya jira. In Allah ya sa ya samu mutum, za a gaishe shi da ladabi, a duba, a ce masa na'ura ta nuna shi ya nemi hidimar da kansa ranar kaza. Ya ce bai nema ba. A ce to za a cire shi daga yau. Kuɗin baya fa? Wannan sai an tura wa sashen da abin ya shafa. Ƙa'ida ta ce sai ya karɓi lambar ƙorafi daga kamfani, in bai gamsu ba ya kira 622 ya kawo ƙara gare ku da wannan lambar. Tsari ne mai kyau ga wanda ya san da shi, yake da biro a kusa, yake kuma da rabin yini na banza. Mai kayan miya ba zai bar tirensa ya yi zaryar naira ɗari ba, ɗan acaɓa ma haka, ko kuɗin man zuwa ofishin kamfani ya fi abin da zai karɓo. Sai ya ce ya bar su da Allah.

A nan riba take, ranka ya daɗe. Cutar da ake yi wa mutum ɗaya ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai a tayar da jijiyar wuya ba, amma layukan da ke aiki a ƙasar nan sun haura miliyan 150. Lissafin ɗan firamare ne: naira 20 daga layi miliyan ɗaya kacal, naira miliyan 20 ke nan a yini guda. In mutum ɗari suka yi naci aka mayar musu, an mayar da dubu biyu. Duk ɗan kasuwar da ya ga irin wannan lissafi ya san ba shi da dalilin gyara komai, sai in an sa gyaran ya fi barin sauƙi a aljihunsa.

Ba zan ce hukumarka ta naɗe hannu ba, don ba gaskiya ba ne. A zamanin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta aka kawo 2442 a 2016, don mutum ya toshe saƙonnin talla, kuma ta yi aiki, wayoyinmu sun ɗan huta. Aka sanya wa 2017 sunan shekarar mai amfani da waya. A 2018 aka umarci kamfanoni su bar mutum ya tsallaka da ragowar datarsa in ya sabunta, a kuma daina sabunta masa abu ba da yardarsa ba. A 2023 aka haɗe gajerun lambobi suka zama iri ɗaya a kowane layi. A zamaninka kuma, a 2024, an fito da ƙa'idar rage yawan tsare-tsaren farashi da suka yi wa mutane yawa har ba mai iya kwatanta su. Duk an gode.

Amma ka dubi jerin lambobin nan na 2023 da idon mai saye. Akwai 311 ta saka kati. Akwai 312 ta sayen data. Akwai 303 ta cin bashi. Akwai 310 da 323 na duba abin da ya rage, akwai 305 ta dakatar da hidima. Duk hanyar da kuɗi zai bi ya shiga an share ta an yi mata lamba. Babu lamba ɗaya a jerin da mutum zai danna ya tambayi inda kuɗinsa ya tafi. Ita nake roƙo.

A ba mu lamba guda, iri ɗaya a kowane layi, kyauta, mai aiki a ƙaramar waya ba tare da data ba, wadda in an danna za ta jero duk abin da aka cire a kwanaki talatin na baya: rana, lokaci, adadi, da sunan wanda ya ci kuɗin. Na san manhajojin wasu kamfanoni suna nuna wani abu mai kama da haka, amma sai mai babbar waya, mai data, mai Turanci, wato wanda dama ya fi kowa iya kare kansa. Na kuma san tun ƙa'idojin kare masu amfani da waya na 2007 an amince cewa mai layi yana da haƙƙin neman bayanin cajin da aka yi masa dalla-dalla. Haƙƙin da sai mutum ya hau mota ya je babban birnin jiha ya bi layi kafin ya same shi, na 'yan ƙalilan ne. Banki yana turo mini alat in an taɓa naira goma a asusuna. Kati ma kuɗi ne, da gumi aka samo shi.

Za a ce maka na'urori ba za su ɗauka ba, ko kuma tsadar ta yi yawa. Mun taɓa jin wannan. Lokacin da wayar salula ta shigo a 2001, naira 50 ake biya a minti, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi minti guda za a caje ka. Aka yi ta gaya wa 'yan Najeriya cewa cajin daƙiƙa-daƙiƙa ba abu ne mai yiwuwa nan kusa ba. Da Globacom ya fito da shi a 2003, ba a daɗe ba sauran suka bi sahu, na'urorin da aka ce ba za su iya ba suka iya. Bayanan da nake nema kuwa suna nan a ajiye, da su ma'aikaciyar 300 ke duba ta gaya mini ranar da wai na nemi waƙa. Abin da take gani a allonta nake so in gani a nawa.

Abu na biyu ya fi na farko nauyi a wurina, shi ne a juya nauyin kawo hujja. Yau mai layi ake cewa ya tabbatar bai danna ba, abin da ba mahalukin da zai iya. Shari'ar da muka gada ta ɗora hujja ne a kan mai da'awa, kuma a nan kamfani ne ke da'awar an yi ciniki. To ya kawo shaidar yarda: yaushe aka tambaye ni, da wane harshe, aka gaya mini nawa ne kuma duk kwana nawa za a riƙa cirewa, na kuma amsa har sau biyu. In ya kasa kawowa cikin kwanakin da hukuma za ta yanka, kuɗi ya dawo da kansa ba sai na sake kira ba. Batun harshe kuma ba ƙarami ba ne. Kamfanonin nan sun iya Hausa sarai in talla za su yi, har da karin magana da kiɗan kalangu a rediyo. Sai an zo sharuɗɗa da farashi Hausar ke ƙare musu. Wanda aka yi wa tayi da Hausa, a nemi yardarsa da Hausa, da murya in ba ya karatu. Haka Bayarabe, haka Ibo, haka Bafulatani da Babarbare.

In an tashi mayarwa kuma, a mayar da irin abin da aka ɗauka. Ana cire wa mutum kuɗi tsaba, sai a ba shi haƙuri da garaɓasar da ba ta kiran wani layi, ba ta sayen data, kuma ta mutu bayan kwana uku. Wannan ba biya ba ne. Sannan in bincike ya nuna wata hidima ta shigar da mutane ba da saninsu ba, kada a tsaya kan waɗanda suka yi ƙara. Sunayen duk waɗanda aka cira suna cikin na'ura, a mayar wa kowa, har tsohuwar nan da ba ta san an yi ba. Kuma kada kamfanin layi ya fake da cewa wani ƙaramin kamfani ne mai hidimar. Ni ban san shi ba, ban taɓa ba shi ko sisi ba. Wanda na ba ajiya shi ya buɗe masa jakar, kuma da shi ake raba abin da aka ɗiba.

Akan ce wanda bai ji daɗin layi ba ya koma wani, tunda tun 2013 ana iya ƙaura da lamba. A birni wataƙila. A ƙauyuka da yawa ƙarfen sabis ɗaya ne ke kamawa, shi ma sai an hau tudu, don haka zaɓin da gasa ke bai wa ɗan birni bai isa can ba. Inda gasa ba ta kai ba, hukuma ce kaɗai ta rage.

Ranar 20 ga Janairun 2025 hukumarka ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, bayan kamfanoni sun nemi ninki. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6. An kawo dalilai, tsadar man dizal da faɗuwar naira da kuma cewa farashin bai motsa ba tun 2013, kuma ni ban ga ƙarya a cikinsu ba, kowa ya san yadda kaya suka yi. An ce a madadin haka za a ga ingantaccen aiki. Ƙarin ya fara aiki cikin makonni, ba wanda ya ce na'ura ba za ta iya ba. Mun biya, muna kan biya. Wanda aka ƙara wa farashi da rabi bai yi zari ba in ya ce a nuna masa rasit.

Ƙarfin yin hakan kuwa kuna da shi. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ɗora wa hukumarka kare mai amfani da waya, kuma duniya ta shaida a 2015 lokacin da aka ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 a kan layukan da ba a yi wa rajista ba, kafin a sasanta a kan biliyan 330. Wancan lamari ne na tsaro, gwamnati ce abin ya dama, shi ya sa aka ga haƙoran hukuma. Muna so mu ga ko kaɗan daga cikinsu in aljihun talaka ne abin ya shafa. Kuɗin da hukumar ke gudana da su ma, wani kaso ne na cinikin kamfanonin nan, wato daga katin mai shayi da mai faci suka fito. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran.

Saura abu ɗaya, mai sauƙi. Duk wata uku a fito da alƙaluma a fili: kowane kamfani ƙorafi nawa aka kawo a kansa na cire kuɗi, nawa aka warware, naira nawa aka mayar. A karanta su a gidajen rediyon Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da harshen da ake ji, a faɗi 622 da 305 a ƙarshen kowace sanarwa. Kuna da ofishin shiyya a Kano, ma'aikatansa su riƙa fita kasuwannin ƙauye ranar da suke ci, su zauna a rumfar mai cajin waya, nan ne duk wanda aka cinye wa kati yake fara kai kuka.

In an ga dama a ba ni amsa, ina roƙon kada ta zo da jerin tarurrukan da aka yi. A gaya mana lambar da za mu danna, da ranar da za ta fara aiki.

Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai saka kati,
daga Kano.